Kafson Alpha Lipoic Acid Mai Miligiram 600: Abin Da Ya Yi Wa Ƙafafuna Da Abin Da Ake Ɗora Masa

Duk mai ciwon suga da tafin ƙafarsa ke hana shi barci, da wuya a ce ba a turo masa tallan alpha lipoic acid ta WhatsApp ba, ko wani ɗan'uwa bai ce masa ya je kemis ya tambayi "ALA" ba. Ni na sha shi na tsawon watanni da sanin likitata. Aikina koyar da bayoloji a makarantar sakandare a Zariya, saboda haka ban iya haɗiyar abu kullum ba tare da na bi diddiginsa ba. Abin da na gano shi ne kafson yana da ɗan amfani ga wasu mutane ƙalilan, amma kayan da masu talla suka ɗora masa sun fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Akwai kuma waɗanda tallan ke jefawa cikin haɗari, kuma su ne suka sa na zauna rubuta wannan.

Wanda na saya farar roba ce mai kafso 60, kowane ɗaya miligiram 600, shigowar Amurka. Ba sai na kama sunan kamfanin ba, irinsa sun cika kantunan magani, kuma abin da ke ciki kusan ɗaya ne. Da ka ɓare murfin, ka cire audugar da ke baki, wani ɗan wari mai kama da na farar wuta zai bugi hancinka. Ba lalacewa ba ce, sinadarin ne ke ɗauke da farar wuta a jikinsa. Kafson dogo ne, ana hango garin da ke ciki, rawaya mai haske. Yana da ɗan wuyar wucewa a maƙogwaro, sai da ruwa cikin kofi. Kada wanda haɗiya ke ba wahala ya ce zai buɗe shi ya zuba garin a ruwa ko a kunu, domin asid ne, yana ƙona harshe da maƙogwaro, raɗaɗin kuma ba ya saurin tafiya. A bayan robar an rubuta cewa yana "tallafa wa garkuwar ƙwayoyin halitta", a ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe an ce ba a yi shi don warkar da wata cuta ba. Waɗannan ƙananan baƙaƙen su ne mai talla ba ya karanta maka.

Abin da ya kai ni gare shi ƙafa ce. Da rana ina tsaye a gaban allo ba na jin komai sai ɗan nauyi. Da na kwanta sai tafin ƙafa ya ɗau zafi, yatsu su riƙa suka, wani lokaci minjirya ta kama babban yatsa ta ƙi saki. Zanen rufa ma idan ya taɓa wurin sai na janye. Da na kai kuka asibiti, likitar ba ta fara da maganar wani kafso ba. Ta sa na cire takalmi da safa, ta ce in rufe ido, ta riƙa dangwala mini wani siririn zaren roba a tafin ƙafa tana tambaya, "Malam, ka ji nan? Nan fa?" A wurare biyu a ƙafar hagu ban ji ba. Ta rubuta gwajin suga na wata uku, ta ƙara da gwajin bitamin B12, ta ce metformin, maganin sugan da nake sha, idan an daɗe ana sha yana rage B12 a jiki, ƙarancinsa kuma yana kawo irin wannan raɗaɗin sak. Ni na ɗauko zancen ALA. Ta ce, "Malam, ba zan hana ka ba, amma da sharaɗi. Ba za ka taɓa maganin sugarka ba, ba za ka wuce guda ɗaya a rana ba, kuma za ka ƙara yawan gwaji a gida." Na ce, "Na amince, Likita."

Yanzu bari in shiga abin da ya fi ba ni sha'awa, wato aikin da sinadarin ke yi a jiki, domin a nan masu talla ba ƙarya zalla suke yi ba. Gaskiya suke ɗauka su ja ta har ta tsinke.

Jikinmu da kansa yake ƙera ALA, ɗan mitsitsi, a cikin maitokondiriya, waɗannan ƙananan ɗakuna na cikin ƙwayar halitta inda ake juya abinci ya zama ƙarfi. A can ba yawo yake yi ba, a manne yake da wasu enzayim, kuma idan babu shi sugan da ka ci ba zai iya shiga matakin ƙarshe na ƙonuwa ba. Ƙanƙantarsa ta kai a ce lokacin da Lester Reed na Jami'ar Texas da abokan aikinsa suka fara tace shi a 1951, sai da suka sarrafa ragowar hanta wajen tan 10 kafin su sami kimanin miligiram 30. Kafso guda da nake haɗiya da safe ya ninka wannan sau 20. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa shan kafson daban yake da cin abinci. Akwai ALA a hanta da ƙoda da zuciya, akwai a alayyahu da tumatir, amma abin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da miligiram 600. Mai shan kafso magani yake sha, ko da an rubuta "ƙarin abinci" a jikin robar.

Idan ina koya wa ɗalibai wannan darasi, murhu nake kawo musu. Maitokondiriya murhu ne, suga itace, oksijin iskar da ke hura wutar. Duk inda wuta ke ci sai tartsatsi ya tashi, kuma tartsatsin nan su ne ɓurɓushin oksijin masu ɓarna da ke faɗa wa kitsen bangon ƙwayar halitta, da furotin, da ƙwayoyin gado. Lafiyayyen jiki yana da masu kashe su kafin su kama wani abu: bitamin C a cikin ruwan jiki, bitamin E a cikin kitse, da babbansu gulutatayon, wanda ƙwayar halitta ke haɗawa da kanta. Mai ciwon suga itace ne ya yi wa murhunsa yawa, tartsatsin ya fi ƙarfin masu kashewa. Ɓarnar tana fara bayyana a ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da jijiyoyin ji, kuma jijiyar da ta fi tsawo ita ke fara jigata. Wadda ta taso daga ƙasan gadon baya zuwa babban yatsa tana kai wa mita guda. Shi ya sa ƙafa ke riga hannu kuka.

ALA na shiga wannan faɗa ta hanyoyi da dama. Yana narkewa a ruwa, yana kuma shiga kitse, abin da bitamin C da E ba sa iya haɗawa. Da ya shiga ƙwayar halitta ana juya shi zuwa wani nau'insa mai suna DHLA, wanda ke iya farfaɗo da bitamin C da ya gama aiki ya koma fagen fama, shi kuma C ya farfaɗo da E. Yana kama ƙarfe da tagulla da ke yawo sakaka, waɗanda ke ƙara rura ɓarnar. Wannan ya sa Lester Packer na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya yi ta yayata shi a shekarun 1990, daga nan kasuwa ta karɓa. Sai dai akwai abin da ba a faɗa a talla. Kusan kashi 30 cikin 100 kawai na abin da ka haɗiya ke isa jini, kuma cikin wajen minti 30 rabinsa ya bar jinin. Abin da ke wucewa da wannan sauri ba zai tsaya gadi yini guda ba. Bayanin da ya fi kwanta mini shi ne wanda masana da yawa suka karkata gare shi a yanzu: wucewar tasa tana zaburar da wani furotin mai suna Nrf2, shi kuma ya umarci ƙwayar halitta ta ƙara ƙera gulutatayon da sauran makamanta na kanta. Wato jikin ne ke yin aikin, kafson tayar da shi kawai yake yi.

Duk wannan an gan shi a ɗakin gwaji da jikin dabbobi. Tambayar mai ciwo daban ce: ƙafata za ta bar ni in yi barci?

Jamus ce ta fi kowa bin wannan tambaya, domin a can ALA magani ne mai rajista na ciwon jijiyar masu suga, ana sayar da shi da sunaye irin su Thioctacid, ba kamar Amurka ba inda yake cikin kayan ƙarin abinci. Dan Ziegler na birnin Dusseldorf ya jagoranci manyan gwaje-gwajen. Na farko, ALADIN, ya fito a 1995 da mutum 328, kuma an ga sauƙi a fili, amma ta allura a jijiyar jini aka riƙa ba su shi na mako uku, ba ta baki ba. Masu talla kan ari sakamakon allura su jingina wa kafso. Wanda ya shafi mai haɗiya shi ne SYDNEY 2 na 2006: mutum 181, mako biyar, wasu na shan miligiram 600, wasu 1200, wasu 1800, wasu kuma ƙwayar da babu magani a cikinta. Raɗaɗin masu shan 600 ya ragu da kashi 51 cikin 100, na 1200 da kashi 48, na 1800 da kashi 52. Ka ga ƙarin bai ƙara komai ba sai tashin zuciya da amai da jiri. Su kuwa masu shan ƙwayar wofi, nasu ya ragu da kashi 32. Wannan lamba ta ƙarshe ita ce na fi so mai karatu ya riƙe. Idan maƙwabcinka ya rantse maka cewa ya sha ya ji sauƙi, ba ƙarya yake yi ba, amma kaso mai tsoka na irin wannan sauƙi yana zuwa ko da babu komai a cikin ƙwayar.

Da aka ja lokaci sai labarin ya ƙara sanyi. NATHAN 1, wanda aka buga a 2011, ya bi mutum 460 na shekara huɗu a kan miligiram 600. Babban ma'aunin da aka kafa tun farko bai nuna bambanci ba, ko da yake an ga ɗan ci gaba a wasu alamun da likita ke aunawa. A 2024 ƙungiyar Cochrane, mai tantance sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje uku da suka kai aƙalla wata shida, mutum 816, ta ce mai yiwuwa tasirinsa a kan alamun ciwon kaɗan ne ko babu. Shi ya sa likitoci ke fara wa mai raɗaɗi mai tsanani da magunguna irin su pregabalin ko duloxetine ko amitriptyline, ba da wannan ba.

Ni kuma me na gani? Bayan 'yan makonni zafin dare ya ragu. Bai tafi ba, amma ya sauka daga abin da ke tashe ni tsakar dare zuwa abin da nake ji kafin barci ya ɗauke ni. Sukar yatsu ta yi sauƙi sosai. Wuraren nan biyu da ban ji zaren likita ba, da na koma har yanzu ban ji ba. Kuma a daidai wannan lokaci abubuwa uku ne suka canza tare: an gyara mini maganin suga, B12 ɗina ya fito ƙasa-ƙasa aka ba ni nasa, na kuma fara tafiyar ƙafa bayan la'asar na rage tuwon dare. Duk wanda ya ɗauki wannan sauƙi gaba ɗaya ya miƙa wa ALA bai yi wa sauran adalci ba.

Wahalhalunsa a wurina biyu ne. Na farko ƙwannafi. Ana son a sha shi ciki babu komai, minti 30 kafin abinci, domin abinci na rage shigarsa jini. Ni bayan sallar asuba nake sha, kuma ranar da na koma na kishingiɗa, sai in ji wani ɗaci mai zafi yana taso mini har wuya. Idan na zauna a tsaye ina duba littattafan ɗalibai har a kawo karin kumallo, babu matsala. Mai gyambon ciki ya yi tunani sau biyu. Na biyu warin fitsari, mai ƙarfi, irin na farar wutar nan. Ba cuta ba ce, amma uwargida ta tsorata da farko, ta ce, "Malam, anya ba ƙodarka wannan abu yake taɓawa ba?" sai da gwaji ya kwantar mata da hankali. Wasu kuma yana fesa musu ƙuraje ko borin jini. Mai shan maganin ƙarin jini ko na kalsiyam, ko mai karyawa da madara, ya raba su da shi da 'yan sa'o'i, tunda kama ƙarfe halinsa ne. Mai maganin maƙoƙo ko na ciwon daji, da mai ciki da mai shayarwa, kada su fara sai da bakin likita.

Babban haɗarin shi ne faɗuwar suga. ALA na ɗan ƙara wa jiki jin insulin, saboda haka mai allurar insulin ko mai shan maganin suga glibenclamide zai iya samun kansa cikin gumi da rawar jiki da duhun gani. Akwai kuma wani ciwo da ba a cika gani ba, wanda likitan Japan Yukimasa Hirata ya fara bayyanawa a 1970, inda garkuwar jiki ke kama insulin ta riƙe, sannan ta sake shi gaba ɗaya, suga ya faɗi warwas ko ga wanda ba shi da ciwon suga. A 2021 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, ta tabbatar cewa shan ALA na ƙara haɗarin wannan ciwo ga masu wani nau'in gado, kuma babu wanda ke gane kansa da ido. Wanda ya fara sha ya ji irin waɗannan alamu ya ajiye, ya nufi asibiti, ya faɗa musu abin da yake sha. Sannan don Allah a ɗaga robar sama inda yara ba sa kaiwa. An sha kai yara asibiti da jijjiga bayan sun haɗiyi kafson manya. Gidajenmu cike suke da jikoki, kuma murfin wadda na saya ba mai wuyar buɗewa ba ne.

Zancen saye kuma. A kanti za a nuna maka iri biyu: wanda aka rubuta ALA kawai, da wanda aka rubuta R-ALA mai tsada. Yaron kantin da na shiga ya ɗauko mai tsadar ya ce, "Baba, wannan shi ne na asali, wancan rabinsa banza ne." Na ce, "Ɗana, da wanne aka yi gwajin da ake magana?" Ya yi shiru. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, domin nau'in R shi ne wanda jiki ke yi, na yau da kullum kuwa rabi R ne rabi S. Amma manyan gwaje-gwajen nan duka da gaurayen aka yi su. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: zallan R ba ya jure zafi, yana narkewa a wajen digiri 48 ya dunƙule ya zama danƙo, gaurayen kuwa sai wajen 60. Wanda ya san abin da watan Afrilu ke yi a Zariya ko Sakkwato, ya san yadda cikin mota ko shagon kwano ke zama da azahar, ba ya bukatar ƙarin bayani. Na taɓa ɗaga wata roba a wani shago na girgiza, maimakon ƙarar kafso sai na ji dunƙule guda yana bugun gefe. Ka girgiza kafin ka biya, ka duba ranar ƙarewar aiki, ka nemi lambar NAFDAC, ka saya inda ake sanyaya ɗaki. Lambar ma ba shaida ba ce cewa duk abin da mai talla ya faɗa gaskiya ne.

Tsada kuwa, roba guda ta fi kuɗin metformin ɗina na lokacin da za ta ɗauka, kuma farashin na bin dala.

Ga mai lafiya da ke son sha don "wanke jiki" ko hana tsufa, shawarata ya riƙe kuɗinsa. Jikinsa na ƙera abin da yake bukata. Masu neman rage ƙiba su sani cewa da aka tattara gwaje-gwaje, bambancin bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. 'Yan matan da ake haɗa wa shi da gulutatayon don hasken fata suna ɗaukar haɗarin faɗuwar suga a kan abin da ba ciwo ba. Kuma kada kalmar antioksidan, sunan da ake ba masu kashe tartsatsin nan, ta ruɗi kowa ya ɗauka duk abin da ke ɗauke da ita alheri ne a kowane adadi. A Finland an ba mazaje masu shan taba fiye da 29,000 ƙwayoyin gwaji, sakamakon ya fito a 1994, kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha bita-karotin, wanda shi ma da wannan suna aka tallata shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallaci. Wani mai tallan kayan ƙarin abinci ya gaya masa cewa maganin asibiti "kemikal" ne, wannan kuwa yana gyara ƙwayoyin halitta daga tushe. Ya ajiye maganinsa ya rungumi robobi uku masu tsada, ALA na cikinsu. Raɗaɗin ƙafarsa ya ɗauke, ya yi ta godiya. Ashe jijiyar ce ta ƙarasa mutuwa. Ƙusa ta huda silifas ɗinsa bai ji ba, sai da wari ya tashi iyalinsa suka lura. Allah ya sa an ceto ƙafar, amma ya bar yatsu biyu a asibiti. Ɗaukewar zafi ba kullum take nufin warkewa ba, kuma babu kafson da zai maye gurbin saukar da suga, da duba tafin ƙafa kowane dare da fitila ko madubi, da girgiza takalmi kafin a sa, da shanya tsakanin yatsu bayan alwala.

Da azumi ya zo na tambayi likita ko in mayar da shi sahur. Ta ce a'a, in ajiye shi har bayan salla, don ba ta son ƙarin abin da zai ja suga ƙasa a doguwar rana. Mun kuma yi da ita cewa idan robar da ke hannuna ta ƙare zan dakata na wani lokaci, komai nawa ya ci gaba yadda yake, in riƙa rubuta yadda ƙafar ta kwana. Idan zafin ya dawo zan koma kan guda ɗaya a rana. Idan bai dawo ba, kuɗin zai tafi ga tsinken gwajin suga da takalmi rufaffe mai taushin ciki.